An Cire Kansar Tayirod, Amma Hankali Bai Kwanta Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar da likita ya ce wa yayata gwajinta ya fito fes, babu sauran alamar kansa a wuyanta, har waina aka soya a gida aka raba sadaka. Kwana uku da yin haka na farka tsakar dare na same ta zaune a bakin gado, fitilar waya a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana laluben gefen wuya. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Zo ki taɓa nan. Ba ki ji wani ƙullutu ba?" Babu komai a wurin. Ni na yi jinyarta tun daga tiyata, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda muka yi ta yi, mu da sauran marasa lafiya da masu jinya da muke haɗuwa a bencin asibiti.

Mece ce tayirod ɗin ma, kuma me ya haɗa ta da halin da zuciya ke ciki?

Wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ce idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Tana fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, barci, har da kaifin tunani. A ƙasan ƙwaƙwalwa kuma akwai wata ƙaramar ƙwaya mai turo ɗan aike da ake kira TSH. Idan sinadarin tayirod ya yi ƙasa a jini, TSH sai ya hau yana neman ƙari. Idan ya yi yawa, sai ya sauka.

Wanda aka cire wa tayirod gaba ɗaya, ƙwayar maganin tayiroksin ce ke maye gurbinta har iya rayuwa. Ita ce ake sayarwa da sunaye irin su Euthyrox da Eltroxin. Ke nan abin da jiki ke aunawa da kansa dare da rana ya koma hannun likita da takardar gwaji, kuma ƙwaƙwalwa tana cikin gaɓoɓin da ke fara jin duk wani ƙari ko ragi.

An ce min tawa kansar "mai sauƙi" ce. To me ya sa har yanzu nake cikin damuwa?

Akwai gaskiya a maganar. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna an samu sabbin masu kansar tayirod fiye da 800,000 a shekarar, waɗanda suka rasu kuwa ba su kai 50,000 ba. A Amurka fiye da 98 cikin 100 suna raye bayan shekara 5 da gano cutar. Irin da ya fi yawa, fafilari, yana girma a hankali kuma yana jin magani. Mata sun ninka maza kusan sau uku wajen kamuwa, da yawansu kuma suna tsakiyar shekarun haihuwa da renon yara.

Amma ni a ganina babu kalmar da ta cuci masu wannan ciwo kamar "mai sauƙi". An yanka wuyan mutum, an cire masa gaɓa, an ɗora shi kan magani na har abada, an ce ya riƙa dawowa gwaji shekara da shekaru, sannan a ce masa ya yi sa'a. Sai ya ji kunyar yin ƙorafi. Idan ya ga mai kansar mama ana yi mata ƙarin ruwan magani gashinta ya zube, sai ya haɗiye nasa kukan. Binciken da aka yi a Amurka kan jin daɗin rayuwar waɗanda suka tsira ya nuna na masu kansar tayirod bai ɗara na masu kansar hanji ba, duk da cewa ta hanji ta fi kisa nesa ba kusa ba. Saboda haka damuwar da kike ciki ba raki ba ce, kuma ba ke kaɗai ba ce.

Yaya zan gane ko maganin tayiroksin ne bai daidaita ba, ko kuwa ciwon damuwa ne?

Nan ne ya kamata kowa ya fara, domin alamomin sun yi kama ƙwarai.

Idan maganin ya yi wa jiki kaɗan, komai sanyi yake yi. Gajiya ko an yi barci, jin sanyi lokacin da kowa ke fifita, ƙiba ba tare da an ƙara ci ba, taurin bayan gida, bushewar fata, zubewar gashi, mantuwa, kasala, da wani nauyi a zuciya wanda ko likita zai iya ɗauka ciwon damuwa ne. Idan kuma ya yi yawa, sai jiki ya ɗau gudu: faɗuwar gaba, zuciya na dukan tara-tara, rawar hannu, gumi, rashin barci, rama, saurin fushi. Wannan kuma sak da fargaba.

Da ido ba a raba su. Gwajin jini na TSH da T4 ne ke rabawa. Yayata ta yi wata biyu tana yi wa yaranta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta koma ɗaki ta yi kuka tana cewa halinta ya lalace. Da aka duba jini, maganin ne ya yi mata yawa. Aka rage, cikin makonni ta fara dawowa yadda muka san ta.

Sai dai a yi haƙuri da lokaci. Tayiroksin yana daɗewa a jini, sai ya yi kusan kwana 7 kafin rabinsa ya fita, shi ya sa ba a sake gwaji sai bayan mako 6 zuwa 8 da canza adadi. Kar ki ƙara ko ki rage da kanki don kin tashi ba daɗi yau. Idan kuma gwaji ya fito daidai amma nauyin zuciya na nan, to kar a tsaya a kan "jininki lafiya lau". Sai a juya ga ita damuwar a nemi maganinta. Sau da yawa ma abubuwan biyu tare suke tafiya.

Likita ya ce da gangan yake ba ni magani mai ɗan yawa. Me ya sa?

Saboda TSH yana iya zuga duk wata ƙwayar kansa da ta rage ta girma, sai likitoci su danne shi da ƙarin tayiroksin. Ga wanda cutarsa ta yaɗu ko take da haɗarin dawowa, wannan dabara tana da amfani. Amma tana da kuɗin fansa: faɗuwar gaba, rashin barci, rikicewar bugun zuciya ga tsofaffi, da raunin ƙashi ga matan da suka daina al'ada. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta fitar a 2015 sun sassauta wa masu ƙaramin haɗari waɗanda gwajinsu ke fitowa da kyau, aka ce TSH ɗinsu zai iya zama tsakanin 0.5 da 2. Don haka kana da damar tambaya: "Likita, a wane mataki kake son TSH ɗina ya tsaya, kuma har zuwa yaushe?"

Ina shan maganin kullum, amma gwaji yau ya hau gobe ya sauka. Me ke jawo haka?

Galibi yadda ake shan sa ne. Ana shan sa da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Shayi da madara ko kofi a kansa yana rage abin da hanji zai tsotsa. Waken suya ma haka, don haka mai son awara ta nisanta ta da lokacin magani. Ƙwayar kalsiyam, maganin ƙarin jini da maganin ƙwannafi kuwa sai an ba da tazarar awa 4. Zafi da danshi suna rage masa ƙarfi, kuma kowa ya san yadda ɗaki ke zama a watan Afrilu. Kar a bar shi a mota, ko bakin taga, ko kusa da murhu. Idan an canza kamfanin maganin, a gaya wa likita.

A watan azumi ana iya sha kafin sahur da rabin awa ko fiye, ko lokacin kwanciya idan an yi awa 3 zuwa 4 da cin abincin ƙarshe. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai. Mai fama da faɗuwar gaba kuma ya rage goro da shayi mai kauri, musamman da yamma.

Leɓena da yatsuna suna yin kamar kiyashi na bi, sai gabana ya faɗi. Fargaba ce?

Tana iya zama, amma a fara duba kalsiyam. A bayan tayirod akwai ƙananan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, da ke kula da kalsiyam ɗin jini, kuma tiyata kan taɓa su, sai kalsiyam ya yi ƙasa ya jawo irin wannan jin. Ga mafi yawan mutane suna farfaɗowa cikin makonni ko watanni. Idan yatsu suka fara sanƙarewa, ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti nan take.

Tun da aka ba ni aidin na nukiliya nake tsoron rungumar yarana. Zan iya cutar da su?

A kwanakin da likita ya ƙayyade ne kawai ake nisanta. Ana shan wannan aidin ne don ya ƙone ragowar ƙwayoyin tayirod, tun shekarun 1940 ake amfani da shi, mafi yawansa yana fita ta fitsari a kwanakin farko, abin da ya rage kuma ƙarfinsa na raguwa da rabi duk kwana 8. Idan wa'adin ya cika, ki ɗauki ɗanki ki goya.

Na san ba nan ciwon yake ba. Kafin a ba da shi akan dakatar da tayiroksin mako 3 zuwa 4 don TSH ya hau, sai dai in an samu allurar Thyrogen mai ɗaga TSH ba sai an dakatar da magani ba, wadda ke da tsada. A waɗannan makonni jiki kan mutu murus, zuciya ta yi duhu, kuma duhun na ɗan lokaci ne, yana yayewa idan an koma kan magani. Ga takunkumin abinci na mako ɗaya zuwa biyu, ba gishiri mai aidin, ba madara, ba kifin teku, ba gwaiduwar ƙwai. Ga tafiya, don wuraren da ke ba da shi a Najeriya kaɗan ne, da yawa sai sun dangana da Ibadan ko Abuja. Sannan ga killacewa. Mu da muka saba idan mutum ba shi da lafiya ɗaki cika yake da 'yan dubiya, sai ga Yaya ita kaɗai, ana ajiye mata kwano a bakin ƙofa, autarta na leƙe ta ƙasan labule tana cewa, "Umma, fushi kike da ni?" Ta ce min wannan tambayar ta fi yankan wuya ciwo. Wadda za ta shiga wannan hali ta zaunar da yara tun kafin ranar ta yi musu bayani, a kuma shirya kiran bidiyo safe da yamma.

Bayan an gama, takunkumin abincin ya ƙare. Babu dalilin ci gaba da gudun gishiri ko madara.

Zan iya sake haihuwa?

Ƙwarai. Ana dai so mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 6 zuwa 12 bayan aidin na nukiliya, mai shayarwa kuma sai ta yaye kafin a ba ta, kuma ba ta komawa shayar da wannan yaron. Na gaba za ta shayar da shi lafiya. Tayiroksin ba ya cutar da ɗan tayi, rashinsa ne ke cutarwa, kuma mai ciki ƙari ma take buƙata. Da zarar kin ga ɓatan wata, ki sanar da likita a makon.

Duk lokacin da ranar gwaji ta matso ba na barci. Haka zan ƙare?

Ga yawancin mutane yana raguwa da shekaru, ko da bai tafi duka ba. Abin da ke rage masa kaifi shi ne sanin matsayinka. A waɗancan ƙa'idoji na 2015 an kasa marasa lafiya gida uku: ƙaramin haɗari, matsakaici, da babba. A rukunin farko, yiwuwar dawowar cutar ba ta wuce kusan 5 cikin 100 ba. Ka tambaya a wane gida kake. Idan ma ta dawo, galibi a kaluluwar wuya take bayyana, kuma ana iya cire ta ko a ƙone ta. Gwajin jini na Tg, wani sinadari da ƙwayoyin tayirod ke fitarwa, da hoton wuya an sa su ne don a kama ta tun tana ƙarama.

Lalube wuya kullum kuwa ƙara wutar tsoro yake yi. Kaluluwa kan tashi don mura ko ciwon haƙori, kuma yawan matsa wuri ɗaya yana sa shi ciwo, sai ciwon ya zama sabon abin tsoro. Abin da ya taimaki Yaya shi ne muka yanke rana ɗaya a wata, ranar kaɗai take dubawa. Ƙullutu mai tauri da ya wuce mako biyu zuwa uku bai sauka ba, ko sabuwar dishewar murya, ko wahalar haɗiya, su ake kai wa likita ba sai ranar ganawa ta zo ba.

Yaushe baƙin ciki ke zama cuta?

Idan ya kai mako 2 kusan kullum, kusan duk yini, mutum na cikin ƙunci, ko abin da a da yake sa shi farin ciki ya daina. Biki, kasuwa, hira da ƙawaye, har kusantar miji ko mata, duk sun fita daga rai. Sai a haɗa da lalacewar barci da cin abinci, ganin kai ba shi da amfani, kasa tattara hankali ko a sallah, da tunanin mutuwa. Ita kuma fargaba ta zama cuta idan zullumi ya ƙi tsayawa har ya hana aiki da barci. Akwai 'yar takardar tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, da wata mai 7, GAD-7, cikin minti biyar ake cika su.

Mu Hausawa da wuya mu ce "ina cikin damuwa". Sai dai "kaina na zafi", "ƙirjina ya yi nauyi", "jikina duk ba daɗi". Sai a yi ta shan maganin maleriya da na taifod, asalin ciwon na zaune.

Wannan ba rashin tawakkali ba ne?

A'a. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce imaninsa da rauni. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, a tarihi shekarar baƙin ciki ake kiran ta. Mai hawan jini yana addu'a yana shan magani, ba a zarge shi. Abin da nake roƙo shi ne kar wani ya ce a ajiye tayiroksin don an samu rubutu ko sassaƙe. Babu tsiron da zai yi aikin gaɓar da aka cire, kuma daina shan sa na tsawon lokaci yana iya kai mutum ga dogon suma.

Idan na je wurin likitan ƙwaƙwalwa ba za a ce na haukace ba? Maganin kuma ba ya kama jiki?

Masu zuwa can da yawa mutane ne masu zuwa aiki da kasuwa kamar kowa. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware da Maiduguri, a Nijar kuma akwai sashe a Babban Asibitin Yamai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi kare mutunci da sirrin mara lafiya.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. Ga damuwar da ba ta yi tsanani ba, zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koyon kama mummunan tunani tun bai yi rassa ba, yana aiki sosai, haka ma tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako. Idan an rubuta magani irin su satralin ko fuloksetin, sai ya yi mako 2 zuwa 6 kafin a ji amfaninsa, ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, kuma a hankali ake janye shi. Ba ya sa maye. Ana shan sa tare da tayiroksin, a dai sake duba TSH bayan an fara. Wanda ke kama jiki shi ne irin su Valium da tiramol da ake saya a kemis don neman barci. Waɗannan a guje su.

Tabon wuya da canjin murya sun sa ba na son fita.

Tabon yakan dushe cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, kuma akwai allura da man shafawa da ke kwantar da shi, don haka a nuna wa likita da wuri. Dishewar murya galibi tana warwarewa cikin makonni ko watanni. Idan ta wuce wata 6, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba. Ga malamin makaranta ko ladan ko mai karatun Alƙur'ani, murya ce jarinsa, kar a ce masa ai ƙaramin abu ne.

Matata ce aka yi wa aikin. Ta canza, komai na faɗa sai kuka. Me zan yi?

Malam, ka daina cewa "ai kin warke, sai godiya". Ta san da godiyar, tana yi. Ka ce, "Me ke damun ki yau?" sannan ka yi shiru ka saurara, ko da ba ka da amsa. Ka riƙe ranar gwajinta a kanka, ka raka ta. Ka tabbata maganin bai yanke ba, don wasu matan sukan raba ƙwaya biyu su ja kwanaki saboda nauyin tambayar kuɗi. Idan ta rage sha'awar kusantarka, sinadarin jiki da gajiya suna yin haka, ba ƙi ba ne. Ka kuma tare mata bakin dangi masu cewa ta cika son jiki. Maza ma suna kamuwa da wannan cuta, kuma sun fi iya ɓoyewa, don haka uwargida ma ta sa ido.

Wani lokaci nakan ji gara ma na mutu.

Ki faɗa wa wani yau, kar ki bari sai gobe. Miji, uwa, 'yar'uwa, aminiya, duk wanda zuciyarki ta natsu da shi. Idan tunanin ya kai ga shirya yadda za a yi, a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa yanzu, kar a bar ki ke kaɗai, a kuma kwashe magunguna da fiya-fiya da duk abin cutarwa daga ɗakin. Wannan tunani alamar ciwo ce mai magani. 'Yan'uwa kuma kada ku ji tsoron tambaya kai tsaye. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin.

Likita minti biyar yake ba ni. Yaya zan kawo wannan maganar?

Da ita za ki fara, tun kafin ya buɗe fayil. Idan kika bari sai ya miƙo takardar magani, na bayanki ya riga ya turo ƙofa. Yaya ta sayi ƙaramin littafi mai shafi arba'in, tana rubuta ranar kowane gwaji, lambar TSH, adadin maganin da take sha, da layi ɗaya kan barcinta da yanayin zuciyarta a makon. Da shi likita ya lura cewa duk sanda TSH ɗinta ya yi ƙasa sosai, barcinta ke tafiya. Ranar da ta fara kawo maganar, a mota ta yi ta maimaita jimlar don kar kunya ta hana ta: "Likita, wuyan da sauƙi, amma wata biyu ke nan ba na barci, kuma ba na jin daɗin komai." Ya ajiye biro ya gyara zama.